Fita da ɗalibai aikin gayya cikin unguwa: karatu ne ko wahalar da 'ya'yan mutane?

Maman_Ikram: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Makarantar su yarinyata sun aiko takarda wai daga zangon nan duk wata sau ɗaya 'yan SS1 da SS2 za su riƙa fita cikin unguwa yin aikin al'umma, yashe kwata, dasa itace, koya wa ƙananan yara karatu da sauransu, kuma wai har maki za a saka musu a sakamako. Ni dai abin bai kwanta min ba, na biya kuɗin makaranta ne don ta yi karatu ta ci WAEC ba don ta riƙe shebur ba, kuma ɗiya mace ce. Babanta ya ce in sa hannu kawai amma na ce bari in ji ta bakin malamai da iyaye da ke nan tukunna.

Abu_Hanif: Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa hannu kawai, alheri ne. Yaran yanzu ko tsintsiya ba su iya riƙewa ba sai waya.

DanKurmi77: Hhhh wato lebo ce ta dawo da sabon suna. Mu da muka yi makarantar kwana mun san wannan, a ba ka adda a nuna maka fili a ce kafin la'asar ka gama, firifet na tsaye a kanka da bulala. Wallahi har yau in na ga doguwar ciyawa gabana faɗuwa yake. Ban ga abin da na koya ba in ban da kanta a tafin hannu.

MalamaBinta_Zariya: Maman Ikram tambayarki a kan hanya take, kuma DanKurmi abin da ka faɗa shi ne tsoron yawancin iyaye, amma abu biyu ne daban. Ni ina koyar da ilimin halittu shekara goma sha ɗaya kenan. Lebo horo ne ko aikin makaranta da aka rasa mai yi, yaro ya yi ya jefar da adda ya tafi. Wannan kuwa in an yi shi yadda ya kamata daga cikin aji yake farawa kuma cikin aji yake ƙarewa. Bari in ba ku misalin abin da na yi da 'yan SS2 lokacin da muka zo darasin cututtukan da ruwa ke kawowa. Maimakon in cika allo da rubutu su kwafa, sai na raba su rukuni shida, muka nemi izinin mai unguwa, kowane rukuni ya ɗauki layi ɗaya da igiyar awo da littafi, suna shiga gida da sallama suna auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kada ta gaza mita 30. Da suka dawo suka zana taswirar layukan a kwali, suka sa jan biro a gidajen da tazarar ba ta kai ba, kuma ku yarda da ni jan ya fi yawa, wani gidan ko taku goma babu. Su da kansu suka ce Malama to yanzu me za mu yi, tunda ba za mu ce mutum ya rushe masai ba. Daga nan muka shiga maganar tafasa ruwa da rufe bakin rijiya da ɗaga mata gini da daina ajiye guga a ƙasa, suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, suka koma suka nuna wa matan gidajen. A jarrabawar ƙarshen zango babu wanda ya faɗi tambayar kwalara, har waɗanda ba sa taɓa buɗe baki a aji.

DanKurmi77: Toh Malama ai ke kin yi ne don Allah. Malamai nawa ne za su yi wannan wahalar da albashin da ake ba su? Mafi yawa za su ce ku je ku share bakin titi su kuma su zauna gindin bishiya suna danna waya.

MalamaBinta_Zariya: Ban musa ba. Shi ya sa nake so Maman Ikram ta tambaye su wane darasi aikin yake ɗaure da shi. In sun yi shiru to lebon ce.

Sadiq_Injiniya: Ni matsalata da wannan tsarin ɗaya ce, wa ya kamata ya yashe kwata? Akwai hukumar kwashe shara, akwai ƙaramar hukuma, akwai kasafin kuɗi duk shekara. In yara suka saba yi to an sauke wa masu alhakin nauyi kenan, gobe ma su ce ai 'yan makaranta za su zo. Muna koya musu haƙuri da gazawa ne ba komai ba.

Hajiya_Turai: Sadiq ɗana, kwatar ƙofar gidanku ma gwamnati kake jira? Mu da muka taso kafin damina ta faɗi samarin unguwa ke fitowa da kansu, mata su dama kunu ko su aiko da fura, kafin azahar an gama. Maƙabarta ma haka, a yi shela a masallaci a fita a cike kaburburan da suka rufta. Gayya ai ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, gonar wanda ya yi rashin lafiya ma haka ake taruwa a nome masa da kalangu. Abin da ya canza shi ne da a gida da unguwa yaro yake koyon wannan, yanzu yaro daga boko sai Islamiyya sai lesin, yaushe zai gani balle ya koya. In makaranta ta ce za ta ɗauki wannan nauyin ni dai ban ga laifi ba.

Sadiq_Injiniya: Hajiya Allah ya ƙara girma, ban ƙi taki ba. Amma kwatar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce, ta yanzu leda ce da kwalba da allurar kemis da sauran abin da ba ya faɗuwa. Ba zan yarda ƙanena ya sa hannu ciki ba safar hannu ba takalmin roba ba.

Nas_Hauwa: Wannan maganar ta Injiniya a riƙe ta da kyau. Tsatsa ko fasasshiyar kwalba ta yanki yaro a cikin wannan ƙazantar ba ƙaramin abu ba ne, akwai tetanus. In dai kwata ce sai da safar hannu mai kauri da dogon takalmi da manjagara, kuma ni a ganina ma a bar wa manya shiga ciki, yara su tsaya a tura baro da tsince leda. Sannan a tanadi sabulu da ruwa a wurin kafin wani ya sayi awara ya ci da hannun.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar wannan abu mun san shi ta wata fuska. Ranar 3 ga Agusta ita ce ranar samun 'yancin kai, 1960, amma tun zamanin Seyni Kountché a 1975 aka haɗa ta da bikin dashen itace, kowa ya dasa. Kuma lokacin akwai samariya, matasan kowace unguwa da sarkin samarinsu, su ne ke gina azuzuwan zana da gyaran hanya da sharar gari. Mu muna lakwal, wato makaranta, mushe, wato malaminmu, ya ba kowane yaro bedi guda, ya ce naka ne, kai za ka yi masa shinge da ƙaya kai za ka ba shi ruwa, in akuya ta cinye kai da mushe ne. Muna ɗauko ruwa a galan tun daga gida. Nawa yana nan har yau a filin lakwal ɗin, in na je ƙauye sai na je na tsaya a inuwarsa, mutum biyu ba sa iya zagaye shi da hannu. Amma in gaya muku gaskiya na 3 ga Agusta da manya ke dasawa gaban kyamara yawanci ba sa kai rani, don ba wanda aka ce nasa ne.

Zee_Fagge: Yaya Issoufou mene ne bedi kuma?

Issoufou_Maradi: Dogon yaro mana ƙanwata.

Zee_Fagge: Au darbejiya! Hhhh mu a Kano haka muke cewa.

Modu_Yerwa: Mu kuma maina. Itace ɗaya suna huɗu, Allah mai iko. Ku zo Maiduguri ku ga yadda ta rufe tituna.

Abu_Hanif: An fara kenan, daga maganar makaranta an koma sunan bishiya.

Malam_Lawwali: Barin in dawo da mu. Abin da Issoufou ya faɗa na cewa "naka ne" shi ne gishirin maganar. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar jeka ka dawo a Zamfara, mun taɓa dasa itace ɗari da ashirin a bakin hanyar kasuwa, na sa yara suna ƙirgawa duk wata suna rubutawa nawa suka rayu nawa suka mutu, da shi na koyar da kaso cikin ɗari da zanen jadawali. Zuwa watan Maris saura talatin da bakwai. Yaran suka ji haushi ƙwarai, sai suka bi layi suna duba dalili, suka gano waɗanda ke kusa da masu shago su ne suka rayu saboda ana zuba musu ruwan alwala, na wajen fili kuwa dabbobi sun gama da su. Shekara ta biyu su suka ce a fara zuwa wurin masu shago a roƙi kowa ya karɓi ɗaya amana. Ban koya musu wannan ba, asarar ce ta koya musu. Kuma Issoufou ku wajen Maradi ai kun ma fi mu sanin wannan, sassaben zamani da manomanku ke yi na barin tohon gawo da sabara a gona maimakon a sare, ai ya fi dashen yawa amfani.

Issoufou_Maradi: Haka ne Malam, tun wajen 1983 aka fara shi nan yankinmu, yanzu gonaki sun cika da itace. Da za a riƙa kai 'yan lakwal gona su ga yadda ake zaɓen reshen da za a bari da ya fi musu karatun cikin littafi.

Ummu_Sudais: Ni fa duk na ji amma ba wanda ya taɓa maganar da Maman Ikram ta yi ta cewa ɗiya mace ce. 'Yan mata 'yan shekara sha biyar sha shida a fito da su titi suna sunkuye suna shara samari na zaune a dakali suna kallo suna magana, wannan ba daidai ba ne. Kuma yarinyar nan kafin ta fito ta yi wanke-wanke ta yi shara ta shirya ƙannenta, ita hidima ai tun asuba take cikinta. Mazan ne ke buƙatar a koya musu.

MalamaBinta_Zariya: Ummu Sudais kin yi gaskiya rabi. Ba dole ne aikin ya zama shara ba. 'Yan matana cikin gidaje suka shiga wurin mata, inda namiji ba zai iya shiga ba ma, kuma ina tare da su da wata malamar. Akwai wadda ta dawo tana ce min Malama ashe akwai gidan da ke layinmu da yara biyar ba mai zuwa makaranta, kullum tana wucewa ta ƙofar ba ta sani ba. Aikin gida daban, sanin halin da maƙwabcinka yake ciki daban.

Kofa_Shamsu: Ni ina bautar ƙasa yanzu haka, kuma duk mako muna da ranar CDS, wato ranar yi wa al'umma aiki. Tun 1973 da Gowon ya kafa NYSC, shirin bautar ƙasar, ake ta maganar yi wa al'umma hidima, amma in kun ga yadda muke yi za ku yi dariya, a zo a sa hannu a rajista, a ɗauki hoto da tsintsiya, a watse. Ba don mugunta ba, mutum ya kai shekara ashirin da biyar bai taɓa yin abu don wani ba tare da an biya shi ko an doke shi ba, rana ɗaya ka ce ya zama mai kishin al'umma? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yan kaɗan da ke yin abin kirki a cikinmu in ka bincika za ka tarar tun suna yara sun yi sikawut ko Red Cross ko 'yan agaji na masallaci.

Baba_Tsoho_Soja: Yaro ka faɗi gaskiya. Mu mun ga 1976 lokacin Operation Feed the Nation na Obasanjo, aka tura ɗalibai gona a dogon hutu, makarantu kowacce da gonarta. Mun kuma ga WAI, wato yaƙi da rashin ɗa'a, a 1984, wanda daga ita ne sharar ƙarshen wata ta samo asali, har yanzu a Kano ana hana zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata. Amma me ya faru? Da aka ɗauke bulala sai kowa ya mayar da safiyar ta zama ta ramuwar barci. Abin da aka yi da tsoro ba ya daɗewa. Shi ya sa maganar makin nan da makarantar ta ce za ta saka ni ban so ta ba, maki ma bulala ce, ta takarda.

Fatee_Toronto: Baba sannu da ƙoƙari, bari in ɗan sa baki kan makin. Nan lardin Ontario a Kanada yaro ba zai karɓi shaidar gama sakandare ba sai ya cika awa 40 na aikin al'umma, ana ba su takarda wanda suka yi wa aikin ya sa hannu. Babban ɗana a wurin rabon abinci na masallaci ya yi nasa, da farko da ƙyar nake tashinsa yana ƙunƙuni, da awanninsa suka cika kuma sai ya ci gaba da zuwa don ya saba da tsofaffin da ke wurin. Amma shi da bakinsa ya ce min akwai abokansa da wani kawu kawai ya sa musu hannu ba su je ko'ina ba. To ka ga dole ɗin tana kai wani ga alheri, wani kuma ta koya masa ƙarya, ban san yadda za a raba ba.

DanKurmi77: In a Kanada ana sa hannun kawu to mu nan ai sai dai a buɗe shago, awa goma dubu ɗaya hhhh.

Alaramma_Jr: Ku 'yan boko kuna magana kamar sabon abu. Mu a tsangaya da damina gonar Malam muke, mu yi shuka mu yi noma mu yi girbi, abin da aka samu da shi ake ci. Mu ke share masallaci mu ke cika randunan alwala. Kuma hadisi ya tabbata cewa gusar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, yana ma daga cikin rassan imani.

Sadiq_Injiniya: Alaramma hadisin ba mai ja, amma gonar Malam ta Malam ce ba ta al'umma ba, a nan ne ake samun matsala. Mu ma a sakandare akwai malamin da ya riƙa kwasarmu ranar Asabar da sunan darasin aikin gona, ashe gonarsa ce ta kansa, mu cire masa gyaɗa tun safe har rana ta take ko ruwa babu, wanda bai je ba ya faɗi gwaji. Sai da wani uba ya je ya yi magana aka daina. Irin wannan nake tsoro, a fake da guzuma a harbi karsana.

Alaramma_Jr: Wancan zalunci ne, bai biya ku ba bai ciyar da ku ba. Mu a tukunya ɗaya muke ci da Malam. Kada a haɗa.

Hajiya_Turai: Ku bar wannan gardamar haka nan, kowa da inda takalmi ya matse shi. Amma Sadiq maganarka ta sa na tuna, kamata ya yi iyaye da mai unguwa su san inda za a kai yaran da wanda zai amfana, kada a wayi gari ana share ƙofar gidan mai makaranta ko ta wani ɗan siyasa.

Malam_Lawwali: Injiniya game da maganarka ta farko ta sauke wa hukuma nauyi, ni na ga akasin haka. Yaran da suka wahala a kan abu su ne ke fara tambaya. Bayan aikin itacen nan ajin suka rubuta wasiƙa da hannunsu zuwa ga kansila kan bolar da ke toshe hanyar ruwa, malamin Turanci ya gyara musu, ya zama darasin rubuta wasiƙa kenan. Ba a kwashe bolar ba har suka gama makaranta, gaskiya ɗaya ce, amma sun san ofishin da sun san wanda ya ƙi. Civic Education ɗin da suke haddacewa don WAEC bai taɓa kai su ƙofar ofishin kowa ba.

Zee_Fagge: Ni ina SS3 kuma wallahi da za a tambaye mu da mun faɗa. Ba aikin muke ƙi ba, yadda ake yi ne, a zo asembili kawai a ce gobe kowa ya zo da tsintsiya. Da za a ce ku zauna ku zaɓi abin da ya dame ku a unguwa da mun zaɓi koya wa yaran da ke talla a bakin makarantarmu karatu, kullum suna leƙen taga.

Ummu_Sudais: Allah ya yi miki albarka Zee. Irin wannan ko ni zan bar tawa ta yi, in dai cikin harabar makaranta ne.

Abu_Hanif: To ai in cikin makaranta ne kuma ba a shiga al'umma ba kenan Hajiya.

Ummu_Sudais: Yaran tallar daga sama suka faɗo?

Maman_Ikram: Kai jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba, na bar girki a wuta ina karantawa. Na kira malamin ajinsu yanzu na yi masa tambayar Malama Binta, wane darasi aka ɗaura aikin a kai, ya ce min na itacen yana tare da darasin aikin gona, na kwatar kuma ya ɗan yi jim ya ce zai tambayi firinsifal. Safar hannu ma wai kowane yaro ya zo da tasa. Akwai taron iyaye da malamai ranar Asabar, zan je da takardar ban sa hannu ba tukunna. Ita kuwa Ikram ɗin tun ɗazu take min magiya wai ƙawayenta duk an sa musu.

Baba_Tsoho_Soja: 'Yata in kin je ki tambaye su makin nan kashi nawa ne, kuma wa zai bayar.

DanKurmi77: Ki kuma tambaya ko akwai adda a ciki. In akwai ki gudu.

Nas_Hauwa: Maman Ikram in za ki saya mata safar kada ki sayi irin ta asibiti mai laushin nan, yagewa take nan take, ta masu gini za ki nema, akwai ta a 'yan kayan gini ko'ina.